Yadda Birtaniya ta koya wa yaranta rubuta manhaja, ta daina, sannan ta dawo

Wajen shekarar 2006 malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka lura da wani abu da ya ɗaure musu kai. Masu neman gurbin karatu a sashensu suna ta raguwa, waɗanda suke zuwa kuma ba su kama ƙafar na baya ba wajen iya aiki. Ɗaliban shekarun 1990 sukan iso jami'a sun riga sun shafe shekaru suna rubuta manhaja da hannunsu. Waɗanda suka biyo bayansu kuwa, da yawa iyakar saninsu bai wuce ƙera ɗan shafin intanet ba. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da kwamfuta ta yawaita a gidaje da makarantun ƙasar fiye da kowane zamani.

Ruwa ba ya tsami banza. Bin diddigin abin da ya jawo wannan koma-baya yana amsa wata tambaya da iyaye da hukumomin ilimi ke yi har yau: wane amfani ɗalibin sakandare yake samu idan aka koya masa rubuta manhajar kwamfuta? Birtaniya ta gwada abin ta fuska uku a cikin shekara arba'in. Ta koyar, ta bari, ta kuma sake ɗauka, don haka tarihinta ya nuna amfanin darasin, da iyakarsa, da abin da ake rasawa idan babu shi.

Harshen da aka ƙirƙira domin masu koyo

Tushen labarin yana Amurka. A farkon shekarun 1960 kwamfuta babbar na'ura ce mai cika ɗaki, mallakar gwamnati ko jami'a ko babban kamfani. Mai son aiki da ita yakan huda umarninsa a jikin kati, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin, ya koma gefe yana jiran sakamako na tsawon sa'o'i, wani lokaci har washegari. Kuskuren harafi ɗaya yakan mayar da shi baya gaba ɗaya.

Wasu malaman lissafi biyu a Kwalejin Dartmouth, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ga cewa ba za a taɓa koya wa ɗalibai da yawa ta wannan hanya ba. Sai suka yi abu biyu. Suka tsara yadda mutane da dama za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa daga tasa na'urar mai kama da tafireta. Suka kuma ƙirƙiro wani harshen kwamfuta mai sauƙi da suka kira BASIC, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 1964. Da shi ɗalibin adabi ko tarihi yana iya rubuta ɗan umarni ya ga amsa nan take. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an sadar da makarantun sakandare da dama na yankin arewa maso gabashin Amurka da wannan kwamfuta ta layin tarho.

A 1968, can a birnin Seattle, ƙungiyar iyaye mata ta wata makarantar kuɗi mai suna Lakeside ta yi gwanjon kayan gida, ta biya kuɗin irin wannan na'ura da lokacin aiki a kan wata kwamfutar kamfanin General Electric. Cikin yaran da suka maƙale wa na'urar akwai Bill Gates, yana da shekara 13, da Paul Allen wanda ya ɗan girme shi. Bayan shekara bakwai suka kafa Microsoft, hajarsu ta farko kuma ita ce BASIC da suka rubuta wa ƙaramar kwamfutar Altair. Akan ba da wannan labari a matsayin shaidar hazaƙa, kuma hazaƙar tana nan. Sai dai a 1968 yaran duniya da suka sami irin wannan dama ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗannan biyun sun same ta ne domin iyayensu na da halin kai su makarantar da ta mallaki na'urar.

Fargabar 1978 da na'urar BBC

A Maris 1978 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da aka fara sakawa a injina. Shirin ya yi gargaɗin cewa za su raba ɗimbin ma'aikata da aikinsu, kuma Birtaniya ba ta shirya ba. Hankalin gwamnati da na ƙungiyoyin ƙwadago ya tashi. BBC ta yanke shawarar ƙaddamar da gangamin wayar da kan jama'a game da kwamfuta, ta kuma ga cewa shirin talabijin kaɗai ba zai wadatar ba. Gani ya kori ji: ana buƙatar na'urar da mai kallo zai taɓa da hannunsa.

Wani ƙaramin kamfani na Kambirij mai suna Acorn ya ci kwangilar, bayan injiniyoyinsa, ciki har da Sophie Wilson da Steve Furber, sun harhaɗa samfurin gwaji a cikin ƙasa da mako guda. Na'urar, BBC Micro, ta fito a Disamba 1981, shirin talabijin da ke koyar da ita kuma ya fara a Janairu 1982. Babban samfurinta na da ma'ajiyar aiki ta kilobait 32, wadda hoto ɗaya na wayar zamani ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ba da jimawa ba farashinsa ya tsaya a fam 399, kuɗi mai yawa ga iyalin ma'aikaci. An yi tsammanin sayar da kimanin 12,000. Aka sayar da fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Gwamnatin Margaret Thatcher, duk da ƙaurin sunan da ta yi wajen tsuke bakin aljihu, ta shigo da wani shiri a 1981 ƙarƙashin ministan fasahar sadarwa Kenneth Baker, inda ta biya rabin kuɗin kwamfuta ga kowace sakandare, daga baya aka haɗa da firamare. Cikin 'yan shekaru BBC Micro ta shiga mafi yawan makarantun ƙasar.

Abin da yaro yake koya a gaban allo

Sirrin wannan na'ura yana cikin abin da take yi idan aka kunna ta. Takan yi ɗan ƙara, ta nuna sunanta da kalmar BASIC a baƙin allo, sai wata alama da ke ƙyaftawa tana jiran umarni. Babu hoton da za a danna. Ko wasa yaro yake so ya yi, sai ya rubuta umarnin da zai ɗauko wasan daga kaset. Daga nan zuwa rubuta nasa umarnin tafiya ce ta taku ɗaya.

Kusan kowa da abu guda ya fara: layi mai lamba 10 ya ce a rubuta sunansa a allo, layi mai lamba 20 ya ce a koma layi na 10. Da ya ba da umarnin farawa, sai sunansa ya cika allo ba iyaka. A cikin layi biyun nan akwai manyan ginshiƙan wannan ilimi guda biyu, wato bin umarni daki-daki da maimaitawa. Na ukun shi ne sharaɗi: idan abu kaza ya faru a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Kusan duk manhajar da ke duniya, daga ta banki har ta jirgin sama, a kan waɗannan ukun aka gina ta.

Mujallun kwamfuta na lokacin sukan buga umarnin wasanni shafi-shafi, yara su zauna su kwafa harafi bayan harafi. Da wuya abin ya yi aiki a karon farko. Dole yaro ya koma yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya kauce, kuma ba zai gane kuskuren ba sai ya fahimci aikin kowane layi. A nan ainihin karatun yake. A sauran darussa malami ne ke sa jan biro, sau da yawa bayan kwanaki. A nan na'ura ce ke nuna kuskure nan take, ba ta fushi, ba ta sani ba sabo, ba ta kuma karɓar “kusan daidai”. Yaro yakan saba da ɗaukar kuskure a matsayin abin bincike maimakon abin kunya. Yakan saba da rarraba babban aiki zuwa ƙananan gaɓoɓi, da faɗin abin da yake nufi ba tare da harshen damo ba.

Ba kowa ne ya yaba da BASIC ba. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi rubutu a 1975 yana cewa harshen na lalata tunanin mai koyo har ya yi wuya a gyara shi. Nau'in da Sophie Wilson ta rubuta wa BBC Micro ya magance wani ɓangare na wannan suka, domin ya ba da damar tsara umarni a ƙunshe-ƙunshe masu suna, yadda ƙwararru ke yi.

'Ya'yan wannan zamani sun bayyana da wuri. A 1984 wasu ɗaliban Kambirij biyu, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wasan Elite, suka cusa duniyoyi dubbai a cikin wannan 'yar ma'ajiya. Masana'antar wasannin kwamfuta ta Birtaniya ta tashi ne a hannun irin waɗannan samari. Kamfanin Acorn kuma, da ƙarfin da ya samu daga cinikin makarantu da gidaje, ya shiga ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta tasa. Wilson da Furber suka tsara ta, ta fara aiki a Afrilu 1985, aka sa mata suna ARM. Saboda ƙarancin cin wutarta, zuriyarta ce ke cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani, har da waɗanda ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano.

Amma hoton bai cika ba sai an faɗi ɗaya gefen. Shirin gwamnati na farko kwamfuta ɗaya ya tallafa wa kowace makaranta ta saya. A wurare da yawa tana ɗakin malamin lissafi, sai lokacin tara ko bayan an tashi ake taɓa ta, masu rububin zuwa kuma galibi maza ne. Da yawa daga cikin fitattun zamanin a gida suka ƙware, a kan na'urori masu rahusa irin ZX Spectrum da ta fito a 1982. Makaranta ta ɗanɗana musu, amma mai kwamfuta a gida shi ya ƙoshi.

Alkawarin da ya wuce gona da iri

Tun a wancan lokaci akwai masu da'awar cewa amfanin wannan darasi ya zarce kwamfuta. Jagoransu shi ne Seymour Papert na jami'ar MIT a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967. Da Logo yara ke ba wani ɗan “kunkuru” umarni ya yi gaba ko ya juya yana zana siffofi. A littafinsa Mindstorms na 1980, Papert ya yi hasashen cewa yaron da ke koya wa na'ura tunani zai koyi lura da nasa tunanin, kuma hakan zai bi shi zuwa sauran fannoni.

Irin wannan da'awa tsohuwa ce. Ƙarni da yawa makarantun Turai sun koyar da harshen Latin bisa hujjar cewa yana wasa ƙwaƙwalwa, har masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya auna abin a farkon ƙarni na 20 ya tarar tasirin ƙanƙane ne. Logo ma ya gamu da ma'auni. A farkon shekarun 1980 Roy Pea da Midian Kurland na Kwalejin Bank Street a New York suka gwada yaran da suka koyi Logo da waɗanda ba su koya ba a kan aikin tsara abu kafin aiwatarwa, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Binciken da ya biyo baya cikin shekaru ya sami ɗan tasiri, musamman a fannoni na kusa kamar lissafi, amma bai kai girman alkawarin farko ba. Wanda ya koyi rubuta manhaja, abin da ya fi tabbata shi ne ya iya rubuta manhaja, ya kuma fahimci yadda na'ura ke aiki. Wannan kaɗai ya isa hujja, kamar yadda ba a buƙatar a ce ilimin sinadarai na ƙara basira kafin a koyar da shi.

Yadda aka saki reshe

Dokar ilimi ta 1988 ta kawo tsarin karatu na bai-ɗaya a Ingila da Wales. A shekarun 1990 kwamfutocin ofis masu amfani da Windows suka maye gurbin na'urorin Acorn a makarantu. Sabuwar kwamfutar tana buɗewa ne da hotunan da ake dannawa, hanyar rubuta umarni kuma ta ɓuya can ciki. Darasin da aka sa wa suna ICT, wato fasahar bayanai da sadarwa, ya koma koyar da buga wasiƙa da Word, da jera lissafi a Excel, da shirya allunan jawabi da PowerPoint.

Masu wannan shawara suna da hujjarsu. Mutum ɗari ne za su yi aiki da kwamfuta a ofis kafin a sami ɗaya da zai rubuta manhaja, in ji su, kuma direba ba ya buƙatar zama bakanike. Ga shi kuma darasin amfani da manhaja kusan kowane malami zai iya koyar da shi. Abin da ba a hango ba shi ne yara za su riƙa koyon waɗannan abubuwa da kansu a gida, su zo aji su tarar ana maimaita musu abin da suka sani. Ƙasar da ta cika da direbobi kuma ba ta horar da bakanike, ranar da mota ta tsaya sai ta nemo na waje.

Wannan ne giɓin da malaman Kambirij suka gani. Ɗaya daga cikinsu, Eben Upton, wanda shi kansa a kan BBC Micro ya koyi aikin yana yaro, ya haɗa kai da wasu, ciki har da David Braben mai wasan Elite, suka ƙera Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa dala 35 a Fabrairu 2012, domin yaro ya sami na'urar da zai yi gwaji da ita ba tare da tsoron lalata ta gidan ba. A 2008 malamai da masana suka kafa ƙungiyar Computing At School don neman a dawo da darasin. A Agusta 2011 shugaban Google na lokacin, Eric Schmidt, ya tsaya a Edinbara ya ce ya yi mamakin yadda ƙasar da ta ba da gudummawa wajen ƙirƙiro kwamfuta take koya wa yaranta amfani da manhaja ba tare da nuna musu yadda ake yin ta ba. A Janairu 2012 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar, Royal Society, ta fitar da rahoto da ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na malaman ICT ke da ƙwarewa a fannin. A watan ne ministan ilimi Michael Gove ya ba da sanarwar jingine tsarin darasin. Daga Satumba 2014 aka wajabta sabon darasin kwamfuta, wanda ya ƙunshi rubuta manhaja, ga yara daga shekara 5 zuwa 16 a Ingila.

Doka a takarda, malami a aji

Sauya tsarin karatu aikin alƙalami ne, samar da malamai kuwa aikin shekaru. A Nuwamba 2017 Royal Society ta sake dubawa, ta tarar kashi 54 cikin ɗari na sakandaren Ingila ba sa ba ɗalibansu damar ɗaukar kimiyyar kwamfuta a jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16. A lokacin, kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke ɗaukar darasin, kuma ɗaya cikin biyar na masu ɗaukar ne mata. Dalilin a bayyane yake: wanda ya iya rubuta manhaja yana samun albashin da ya fi na koyarwa nesa a kamfani. Har wa yau, da aka soke jarrabawar ICT, wadda 'yan mata da yawa ke ɗauka, adadin matan da ke fita sakandare da wata shaidar kwamfuta ya ragu. An gudu wa gara an faɗa wa zago. A 2018 gwamnati ta ware fam miliyan 84 don kafa cibiyar horar da malaman fannin, abin da ya kamata a ce da shi aka fara.

Idan aka tattara wannan tarihi, amfanin darasin ya fito ta fuska uku. Na farko, yana nuna wa ɗalibi cewa manhaja aikin hannun mutum ce, tana kuskure, ana kuma iya tuhumarta. Wanda ya taɓa rubuta sharaɗi da kansa zai gane cewa idan na'urar banki ta hana shi bashi, ko shafin sada zumunta ya fifita masa wani labari, wani ne ya rubuta ƙa'idar. Wannan fahimta tana da amfani ga lauya da likita da ɗan jarida, kuma zuwan manhajojin da ke iya rubuta umarni da kansu bai rage ta ba, domin dole a sami mai karanta abin da suka rubuta ya san ko daidai ne. Na biyu, yana horar da mutum a kan bin sawun kuskure cikin haƙuri. Na uku, kuma mafi girma, yana ba yaro damar gano ko yana da baiwar abin tun kafin ya zaɓi hanyar rayuwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan mai hali zai gamu da wannan ilimi a gida ko ta hannun dangi, ko makaranta ta koyar ko ba ta koyar ba. 'Yar manomi ko ɗan leburan masana'anta kuwa, in ba a aji ba, da wuya su taɓa sanin cewa ƙofar tana nan.

Najeriya ta fitar da manufarta ta ilimin kwamfuta a makarantu tun 1988, kuma a yau ɗalibai na zana darussan kwamfuta a jarrabawar kammala sakandare. Tambayoyin da Birtaniya ta biya da tsada kafin ta amsa suna nan a gaban kowace hukuma mai irin wannan shiri: ana koya wa yara danna abin da wasu suka gina ne, ko ana nuna musu yadda ake ginin? Sa'a nawa a mako hannun kowane ɗalibi ke taɓa na'ura? Wa ya horar da malamin, kuma me zai riƙe shi a aji? Ɗakin da aka cika da kwamfutoci aka kulle don kada su lalace bai koya wa kowa komai ba. A makarantun Ingila na 1982 na'ura ɗaya ce tak a kusurwar aji, amma inda aka sami malamin da ya bar ƙofa a buɗe bayan an tashi, a nan aka sami masu rubuta manhaja.